Jiki Ɗaya, Likitoci Biyar: Yadda Ake Yanke Shawara Idan Cututtuka Suka Taru wa Mutum

A shekarar 2005, wata likitar tsofaffi mai suna Cynthia Boyd da abokan aikinta a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka yi wani lissafi a takarda, suka buga shi a mujallar JAMA. Sun ƙirƙiro wata tsohuwa 'yar shekara 79, suka ɗora mata cututtuka biyar da kowa ya san tsufa na zuwa da su: hawan jini, ciwon suga, ciwon gaɓɓai, zaizayar ƙashi, da ciwon huhun nan mai toshe hanyar numfashi. Sai suka ɗauko ƙa'idar maganin kowace cuta suka bi ta sau da ƙafa. Da aka tattara, sai ga tsohuwa da magunguna 12, za ta sha kashi 19 a kullum, a rarrabe cikin lokuta biyar. Wannan ban da motsa jiki, da kiyaye abin da za ta ci, da duba ƙafa, da gwajin ido, da zaryar asibiti. A cikin magungunan kuma akwai masu faɗa da juna, akwai wanda aka ba ta don wata cuta yana kuma tsananta wata.

Babu wanda ya yi kuskure a wannan lissafi, kuma nan ne gizo ke saƙar. Kowane magani da hujjarsa. Kowace ƙa'ida masana ne suka zauna suka rubuta ta bisa bincike. Likitan zuciya ya yi daidai, na ƙashi ya yi daidai, na huhu ma haka. Amma da aka zuba daidai biyar cikin jiki ɗaya sai ɓarna ta fito. Wanda ɓarnar ke faɗowa a teburinsa kuwa shi ne likitan matakin farko, wanda a wasu ƙasashe ake kira likitan iyali. Shi tsohuwar za ta zo wa da jakar magunguna ta zazzage a gabansa ta ce, "Likita, ni dai jiri nake ji, kuma na gaji da haɗiyar nan."

Kada a ɗauka irin wannan majinyaciya ɗai-ɗai ce. A 2012 mujallar Lancet ta buga binciken da aka yi a kan bayanan mutum kusan miliyan ɗaya da dubu 750 daga ƙananan asibitoci 314 a Sukotilan. Kashi 23 cikin ɗari suna ɗauke da cuta mai daɗewa fiye da ɗaya. Abu biyu suka ba mutane mamaki a sakamakon. Idan aka ƙirga kawuna, waɗanda ba su kai shekara 65 ba sun fi tsofaffin yawa. Sannan a unguwannin matalauta tarin cututtukan na fara bayyana da wuri, shekara 10 zuwa 15 kafin ya bayyana a unguwannin masu hali, kuma sau da yawa da cutar damuwa a cikin haɗin.

Gwaji ɗaya, ma'ana biyu

Kafin a kai ga rikicin magunguna, akwai na gano cutar kanta, kuma a nan ne tunanin likitan matakin farko ya rabu da na ƙwararren babban asibiti.

A 1961 Kerr White da abokan aikinsa suka zana wani hoto da har yau ake koyar da shi. A cikin manya 1,000, a wata guda, kusan 750 za su ji wani rashin lafiya, 250 za su ga likita, tara za a kwantar, ɗaya tak zai kai asibitin koyarwa na jami'a. An sake lissafin a 2001, bai canza da yawa ba. Ma'anar wannan ita ce ƙwararren da ke asibitin koyarwa yana ganin mutanen da aka riga aka tace, aka sake tacewa. Cikin masu ciwon kai da ke zuwa wa likitan ƙwaƙwalwa, akwai kaso mai tsoka da ke ɗauke da abu mai haɗari. Cikin masu ciwon kai da ke shigowa ƙaramin asibiti, 'yan ƙalilan ne.

Ga yadda wannan ke taɓa gwaji. Mu ɗauki gwajin da ke kama tara cikin kowane masu cuta goma, yana kuma yi wa mutum ɗaya ƙarya cikin kowane lafiyayyu goma. Gwaji ne mai kyau, a ido. A yi wa mutum 1,000 a wurin da rabinsu ke da cutar: zai nuna 450 na gaskiya da 50 na ƙarya, wato idan ya ce kana da ita, tara cikin goma kana da ita. Yanzu a kai shi inda mutum 10 ne kawai cikin 1,000 ke da cutar. Zai kama tara daga cikinsu, sannan ya shafa wa lafiyayyu 99 kashin kaji. Cikin mutum 108 da aka ce suna da cutar, tara ne ke da ita, wajen kashi 8 cikin ɗari ke nan. Na'ura ɗaya, jini iri ɗaya, amma amsar ta tashi daga abin dogaro ta koma kusan tatsuniya. Wannan lissafin Thomas Bayes ne, wanda aka buga a 1763 bayan rasuwarsa, kuma duk likitan da ya manta da shi zai cika asibitin ƙwararru da lafiyayyu masu fargaba.

Wani abu makamancinsa: iyakar da ɗakin gwaji ke rubutawa a matsayin "daidai" yawanci an yanke ta ne ta yadda za ta ɗauki kashi 95 cikin ɗari na lafiyayyu. To idan aka yi wa lafiyayyen mutum gwaje-gwaje 20 marasa alaƙa da juna, yiwuwar aƙalla ɗaya ya fito da jan alama ta kai kusan kashi 64 cikin ɗari. Shi ya sa likitan da ya ce "a yi masa komai da komai mu gani" ba tsantseni yake yi ba. Neman magana yake, kuma zai samu.

A 1980 Stephen Pauker da Jerome Kassirer suka tsara wannan tunani da layi biyu. Ƙasa da layin farko, zaton cutar ya yi rauni har gwaji zai fi cutarwa, sai a bar mutum. Sama da layi na biyu, zaton ya yi ƙarfi har jiran gwaji ɓata lokaci ne, sai a fara magani. Tsakaninsu ne kawai gwaji ke da aiki. Layukan kuma ba a kafe suke ba. Idan cutar mai kisa ce cikin sa'o'i kuma maganinta mai sauƙin illa, layin magani na saukowa ƙasa sosai, kamar yadda ake yi wa wanda ake zaton sanƙarau. Idan maganin ne mai haɗari, layin na hawa. A wurin mai cututtuka biyar, kowace cuta na ture layin wata. Hoton da ake ɗauka da ruwan da ake ɗura wa jijiya, alal misali, lissafinsa daban ne ga wanda ƙodarsa ta riga ta raunana. Tambayar da ta fi kowace amfani kafin a rubuta takardar gwaji ita ce: idan ya fito haka me zan yi, idan ya fito akasin haka me zan yi? In amsar ɗaya ce, a mayar da alƙalami aljihu.

Marshall Marinker, wani likitan iyali ɗan Birtaniya, ya bambanta ayyukan biyu da cewa ƙwararre aikinsa rage shakku da kore kuskure, shi kuwa likitan iyali aikinsa jure shakku da kore haɗari. Jure shakku ba sakaci ba ne matuƙar an shimfiɗa masa raga. Roger Neighbour ne ya yaɗa wannan dabara a 1987: kafin majinyaci ya fita, likita ya tambayi kansa, idan na yi daidai me nake sa ran zai faru, ta yaya zan gane na yi kuskure, kuma me zan yi a lokacin? Sai ya faɗa wa majinyacin ƙarara alamun da in ya gani kada ya jira ranar dawowa. Da haka lokaci ke zama kayan gwaji, kuma kayan gwaji ne da babban asibiti ba ya cika samu, domin can sau ɗaya ko biyu ake ganin mutum.

Waɗanda ba a gayyata bincike ba

Yanzu ga inda ƙa'idojin ke samo ƙarfinsu, da kuma rauninsu. Mai shirya gwajin magani yana son amsa tsabtatacciya, don haka yakan cire duk wanda zai dagula masa lissafi: mai tsufa sosai, mai ciwon ƙoda, mai ruɗewar tunani, mai shan magunguna barkatai. Ba mugunta ba ce, haka ilimin yake tafiya. Sai dai waɗanda aka hana shiga ɗin su ne ke cika layin ƙaramin asibiti.

Labarin sifironolakton ya isa misali. A 1999 binciken RALES ya nuna maganin na rage mutuwa da kusan kashi 30 cikin ɗari ga masu gazawar zuciya mai tsanani. Gaskiya ne, kuma har gobe ana amfani da shi. Likitoci suka rungume shi. A 2004 David Juurlink da abokan aikinsa suka duba abin da ya biyo baya a lardin Ontariyo na Kanada, tsakanin tsofaffin da ba a daɗe da kwantar da su saboda gazawar zuciya ba, masu shan magungunan zuciya irin su lisinofiril. Kwantarwa saboda hauhawar sinadarin fotasiyam a jini ta tashi daga 2.4 cikin 1,000 a 1994 zuwa 11 cikin 1,000 a 2001. A cikin bincike an zaɓi masu ƙoda mai dama-dama, ana kuma duba jininsu a kai a kai. A waje an ba waɗanda suka fi tsufa, ƙodarsu ta fi rauni, babu mai bibiya. Fotasiyam kuwa idan ya yi yawa, zuciya yake tsayarwa.

Ga binciken ACCORD kuma, a kan masu ciwon suga fiye da dubu goma da ke cikin haɗarin ciwon zuciya. An matsa wa rabinsu da magani don a sauko da ma'aunin matsakaicin sugansu ƙasa da kashi 6, kusa da na lafiyayyu, rabi kuma aka bar su tsakanin 7 da 7.9. Hankali na cewa waɗanda aka fi matsa wa za su fi tsira. A 2008 aka dakatar da wannan ɓangaren kafin lokaci, saboda su ne suka fi mutuwa, 257 a kan 203. Lamba ta yi kyau a takarda, mutum ya tafi.

Binciken SPRINT na 2015 ya zo da akasin haka ga hawan jini: sauko da lambar sama ƙasa da 120 ya rage ciwon zuciya da mutuwa fiye da tsayawa ƙasa da 140, har ga waɗanda suka haura shekara 75. Sakamako ne mai nauyi, bai kamata a yi wasa da shi ba. Amma a karanta jerin waɗanda ba a ɗauka ba: masu ciwon suga, waɗanda suka taɓa shanyewar ɓarin jiki, masu ruɗewar tunani, mazauna gidajen kula da tsofaffi. Kuma ko a cikin waɗanda aka ɗauka, suma da raunin ƙoda na farat ɗaya sun ƙaru. To likitan da ke gaban dattijuwa mai suga, mai jiri idan ta miƙe, wadda ta faɗi sau biyu a bana, ba shi da binciken da aka yi a kan irinta. Dole ya auna nisan da ke tsakaninta da mutanen binciken, ya yanke da kansa. Wannan awon shi ne ainihin sana'ar, kuma ba a rubuta shi a kowace ƙa'ida ba.

Magani ya haifi magani

Mu ɗauki wani dattijo mai shekara 74, misali ne kawai, amma duk wanda ya zauna a ɗakin duba marasa lafiya ya san shi. Yana da gazawar zuciya, da ciwon suga, ƙodarsa ta fara ja da baya. Yana shan lisinofiril, da furosemaid mai sa fitsari, da metfomin na ciwon suga. Gwiwa ta dame shi, ya samo diklofenak yana sha safe da yamma, bai faɗa wa kowa ba, don a ganinsa wannan ba magani ba ne da za a lissafa.

Diklofenak da danginsa irin su ibufurofen suna riƙe gishiri da ruwa a jiki, suna ɗaga hawan jini. Ranar awo aka ga jini ya hau, aka ƙara masa amlodifin. Amlodifin sanannen mai kumbura ƙafa ne. Da ƙafa ta kumbura, wani likitan ya ce zuciyar ce ke ƙara gazawa, ya ninka furosemaid. Yanzu dattijo na tashi fitsari sau huɗu a dare, jiri na ɗibarsa idan ya miƙe. Furosemaid kuma na tara sinadarin yurik, sai babban yatsan ƙafa ya kumbura da raɗaɗi kamar wuta, sai ya ƙara diklofenak. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: wani dare ya faɗi a hanyar banɗaki.

Paula Rochon da Jerry Gurwitz ne suka raɗa wa wannan suna a tsakiyar shekarun 1990, kwararowar magani, inda ake ɗaukar illar magani a matsayin sabuwar cuta sai a ba ta nata maganin. Misalanta na da yawa. Metoklofiramaid na tashin zuciya kan jawo karkarwa da sanƙarewa irin na cutar Fakinsan, sai a fara maganin Fakinsan. Lisinofiril kan sa busasshen tari, sai a yi ta ba da maganin tari har da na ƙwayoyin cuta. A wurin dattijonmu kuma akwai haɗari na musamman: haɗuwar lisinofiril da mai sa fitsari da diklofenak. Ɗaya ya rage ruwan jiki, ɗaya ya matse jijiyar da ke shigar da jini matatar ƙoda, ɗaya ya saki wadda ke fitar da shi, sai matsin da tacewa ke buƙata ya faɗi. Kwana biyu na gudawa sun isa su durƙusar da ƙodar. Idan ta durƙushe kuma, metfomin ya taru, domin ta ƙoda yake fita, shi ya sa ake dakatar da shi idan ma'aunin tacewar ƙoda ya sauka ƙasa da 30.

Wata 'yar tarko a gefe: ma'aunin nan ana lissafa shi ne daga kiriyatinin, wanda tsoka ke samarwa. Tsohon da ya rame ba shi da tsokar kirki, sai kiriyatinin ɗinsa ya fito ƙasa, ƙodar ta yi kamar lafiyayya alhali ba haka ba ne. Haka ma ma'aunin suga na wata uku kan yi ƙarya ga mai ƙarancin jini ko wanda jajayen ƙwayoyin jininsa ke saurin fashewa. Cuta ta biyu tana lalata ma'aunin cuta ta farko, kuma takardar sakamako ba za ta gaya maka ba.

Duk wannan igiya da tambaya ɗaya ake kwance ta: "Baba, ban da waɗanda muka rubuta, akwai abin da kake sha? Ko na ciwon jiki ne, ko wanda wani ya ba ka?" A 1975 John Hampton da abokan aikinsa a Ingila suka nuna cewa cikin sababbin majinyata 80, labarin da majinyaci ya bayar da bakinsa ya kai ga gano cutar a 66. Amma a 1984 Howard Beckman da Richard Frankel suka auna a Amurka suka ga likitoci kan katse majinyaci bayan daƙiƙa 18 a matsakaici. Diklofenak ɗin yana can a daƙiƙa ta arba'in, ba a kai gare shi ba.

Akwai kayan aiki da aka tanada don irin wannan shara. Mark Beers ya fitar da jerin magungunan da suka fi cutar da tsofaffi a 1991, ana kuma sabunta shi. A 2008 masana a Ayalan suka fito da STOPP da START, na farko yana nuna abin da ya kamata a tsayar, na biyu abin da aka manta ba a fara ba. Suna da amfani, amma ba su san dattijon ba.

Me mai jikin ke so

Idan ba za a iya yin komai ba, da me za a fara? A nan lissafi biyu ke shigowa, kuma a ganina su ne mafi ƙarancin samun kulawa.

Na farko, yaushe amfanin zai iso. Maganin ciwo yau yake aiki. Maganin rage ruwa ga mai gazawar zuciya cikin kwanaki ake ganin numfashi ya daidaita. Amma wasu abubuwan shuka ce mai daɗewa. Nazarin da Sei Lee da abokan aikinsa suka buga a 2013 ya nuna cewa gwajin bahaya don farautar ciwon dajin hanji na ɗaukar kimanin shekara goma kafin ya hana mutuwa ɗaya cikin mutum 1,000 da aka gwada. Illarsa kuwa, fargaba da zura na'ura a hanji da abin da kan biyo baya, nan take take zuwa. Ga mai shekara 55 lafiyayye ciniki ne mai riba. Ga wanda zuciyarsa da ƙodarsa ke nuna shekarun da suka rage ba su kai haka ba, an ba shi wahalar an hana shi ribar. Matsa wa suga sosai ma haka yake: kariyar ido da ƙoda sai bayan shekaru, faɗuwar suga kuwa daren yau za ta iya kayar da mutum.

Na biyu, nauyin jinyar kansa. A 2009 Carl May da Victor Montori da Frances Mair suka yi kira da a riƙa lissafa aikin da ake ɗora wa majinyaci: haɗiya, awo, zuwa asibiti, jira, kuɗi, da ɗan'uwan da ke barin aikinsa don rakiya. Kowane mutum da iyakar abin da zai iya ɗauka. In kaya suka fi ƙarfinsa zai sauke wasu da kansa, ba tare da shawara ba, kuma ba lallai ya sauke marasa amfanin ba. Sau da yawa wanda ba ya jin aikinsa a jiki yake fara yarwa, irin na hawan jini ko na hana gudajin jini, ya riƙe na ciwon gwiwa. Sai a rubuta a katinsa cewa ba ya bin umarni. Gara likita ya zauna da shi su zaɓi abin da za a sauke tare. Hukumar NICE ta Ingila ta sa wannan a ƙa'idarta ta 2016 kan masu tarin cututtuka: a tambayi abin da ya fi damun mutum, a duba magungunan da za a iya tsayarwa, a san wanda ke riƙe da ragamar kulawar.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wani zai ce a ƙara masa shekaru ko da wahala. Wani zai ce shi dai ya iya zuwa banɗaki da ƙafarsa. Wata za ta ce kada a ba ta abin da zai dushe mata tunani, ko da ciwon zai ƙaru. Babu binciken da zai zaɓa musu, kuma amsar kan canza bayan kwanciya asibiti ko rasuwar abokin zama, don haka ba tambayar yini ɗaya ba ce.

Sai dai a yi hattara, domin wannan magana tana da ramin da ake faɗawa ta ɗaya gefen. Da zarar likita ya koyi tsoron magani, sai ya fara hana tsoho abin da zai cece shi da sunan tausayi. Mai bugun zuciya mara tsari yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, kuma maganin tsinka jini na rage haɗarin da kusan kashi biyu cikin uku. An daɗe ana hana tsofaffi shi da hujjar suna faɗuwa. A 1999 Malcolm Man-Son-Hing da abokan aikinsa suka lissafa cewa sai mutum ya faɗi kusan sau 295 a shekara kafin haɗarin zubar jini a ƙarƙashin ƙoƙon kai ya rinjayi amfanin wafarin, maganin tsinka jinin. Lissafin takarda ne, yana da iyakokinsa, amma ya tona wani abu a zuciyar likita: zubar jinin da maganina ya jawo laifina ne, shanyewar da rashin maganina ya jawo kuwa ana ɗora ta a kan cuta. Haka aka daɗe ana hana masu ciwon huhu magungunan rage bugun zuciya bayan sun yi ciwon zuciya, alhali nau'in da ya fi karkata ga zuciya yawancinsu na jure shi. Haka wani ke tsayar da lisinofiril don kiriyatinin ya ɗan motsa, alhali hawan da bai wuce kashi 30 cikin ɗari ba bayan farawa abu ne da aka sani kuma ake haƙuri da shi. Ragewa da ƙarawa duk yanke shawara ne, kowanne sai da hujja.

Kuma mai tarin cututtuka yana da wani haɗarin daban: kowace sabuwar alama tana da tsohon gidan da za a ajiye ta. Gajiya? Ai zuciyar ce. Rama? Ai sugan ne. Haki? Ai huhun ne. Da haka ciwon daji ko tarin fuka ko ƙarancin jini ke ɓuya watanni a bayan sunan da aka saba. Ɗaliban likita ana koya musu neman bayani ɗaya da zai haɗa dukan alamu, kuma ga matashi wannan na aiki. Ga tsoho mai kati mai kauri, sau da yawa abu biyu ne ko uku ke tafiya tare. Maganin wannan tarko tambaya ce mai arha: me kuma zai iya zama, kuma wace alama ce ba ta zauna daidai a bayanina ba?

Duk abin da na lissafa yana cin lokaci, lokacin kuwa babu. Nazarin ƙasashe 67 da aka buga a 2017 ya nuna zaman likitan matakin farko da majinyaci ya kama daga daƙiƙa 48 a Bangaladash zuwa minti 22 da rabi a Suwidin, kuma a ƙasashen da ke ɗauke da kusan rabin mutanen duniya bai wuce minti biyar ba. Ba wanda zai warware magunguna 12 a minti biyar. Abin da ke ɗan cike giɓin shi ne sabo: minti biyar sau ashirin da likita ɗaya ba daidai yake da minti biyar a gaban likitoci ashirin ba. A 2018 Denis Pereira Gray da abokan aikinsa suka tattara nazari 22, 18 daga ciki suka nuna ƙarancin mutuwa ga masu ganin likita ɗaya a kai a kai. Wanda ya san yadda kake tafiya bara shi zai lura tafiyarka ta canza bana.

Tura majinyaci wurin ƙwararre ma yana da salo. Takardar da ta ce "a duba a ba da shawara" gayyatar ƙarin magani ce, domin ƙwararren zai yi abin da ya iya a gaɓar da ya sani. Wadda ta ce ga magungunansa duka, ga ma'aunin ƙodarsa, ya faɗi sau ɗaya, burinsa ya ci gaba da tafiya da ƙafarsa, tambayata ita ce ko zan iya rage furosemaid, ita ke dawowa da amsar da za a yi aiki da ita. Wani lokacin ma ilimin ne ya kamata ya yi tafiyar, majinyaci ya zauna. A 2003 Sanjeev Arora ya fara shirin ECHO a jihar Niyu Meziko ta Amurka, inda ƙwararru ke zama da likitocin karkara ta bidiyo suna tattauna masu ciwon hanta nau'in C, kuma sakamakon da aka buga a 2011 ya nuna warkewa a hannun likitocin karkarar ta yi daidai da ta asibitin jami'a.

To mu koma ga dattijon, yana zaune da ɗansa, jaka a kan tebur. Likita ba zai taɓa komai a rana ɗaya ba, domin in ya canza abu huɗu aka ga sauƙi ko tsanani, ba zai san wanne ya jawo ba. Yau diklofenak zai tsaya, a koma farasitamol da motsa gwiwa da sandar dogarawa, kuma zai faɗa masa gaskiya cewa ba zai kashe ciwon kamar wancan ba. Za a ɗebi jini a duba ƙoda da fotasiyam. Za a auna jininsa a kwance da kuma a tsaye. Amlodifin na nan a layi, in jinin ya sauka bayan barin diklofenak shi ne na gaba da zai fita, furosemaid ya bi baya a hankali ana duba nauyinsa da numfashinsa. Sai ya juya ga ɗan: "In Baba ya kama amai ko gudawa har ba ya iya shan ruwa sosai, a dakatar da waɗannan ukun, lisinofiril da furosemaid da metfomin, ga su na sa musu alama, a kira mu a ranar. In haki ya ƙaru ko ya kasa kwanciya sai a zaune, kada ku jira." Sannan ya rubuta wa likitan zuciya abin da ya canza da dalilinsa, don kada a mayar da shi a ziyara ta gaba.

Dattijon ya tattara sauran kwalayen yana mayarwa jaka, ya ɗaga na diklofenak ya ce, "Likita, wannan ne fa kaɗai nake jin aikinsa." Likita ya karɓa ya ajiye a gefensa, ya rubuta masa ranar dawowa, mako biyu.